Dagin Malam da Surukin Goggo

A shekarar da na gama jami'a a Kafin Hausa, kafin a kira mu hidimar ƙasa, na yi wata bakwai a gidan Goggo a unguwar Takur, cikin Dutse. Goggo ƙanwar mahaifina ce, kuma tun rasuwar mijinta da keken ɗinki take riƙe da gidan. Ba ta ɗinka riga, ba ta ɗinka zane. Bargon gado take yi, irin wanda ake shimfiɗa auduga tsakanin yadi biyu, a bi shi da ɗinki domin audugar ta zauna wuri ɗaya, kada ta dunƙule idan an wanke. Masu wannan sana'a suna da yawa a Dutse, amma galibinsu layuka kawai suke ja, a tsaye da a kwance, kamar masu shata gona. Abin da ya sa ake tsallake su a zo wurin Goggo, har daga Jahun, takarda ce guda ɗaya.

Kakana ne ya zana ta. Malamin allo ne, shi yake yi wa ɗalibai zayyanar allon sauka, shi kuma yake fitar wa masu aikin babbar riga zane a kan ƙyalle. Da Goggo ta sayi keke, sai ya sa aka kawo masa buhunan siminti irin na da, na takarda mai ninki uku. Ya ɓare ninkin tsakiya wanda ba shi da rubutu, ya liƙa biyu da ƙaro, ya ɗauki alƙalamin kara da tawadarsa ta allo, ya zana mata dagi babba. Darajar wannan dagi ita ce layinsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Yana tashi daga tsakiya, ya zaga, ya ratsa kansa, ya sake zagawa, ya cika kusurwa huɗu, sa'an nan ya komo daidai inda ya faro. Mai ɗinki ba ta yanke zare sai a ƙarshe, don haka babu ƙullin da zai kwance a wanki. Malam bai gaya wa kowa yadda ya yi ba, babu kuma wanda ya tambaye shi har ya rasu.

Goggo ta bi layin da allura ta huda shi, huji kusa da huji. Ga yadda take aiki da ita. Takan fara riƙe yadi da auduga da ɗinkin hannu mai faɗi, ta shimfiɗa su a kan tabarma, ta aza takardar, ta danne ta da duwatsu huɗu. Sai ta ɗauki ƙullin garin alli a tsumma tana bubbugawa a kan hujin, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Idan yadin fari ne, garin shuni take sawa. In ta ɗaga takardar, sai ka ga dagin ya sauka a jikin yadi ɗigo-ɗigo. Ta haɗa ɗigon da siririn sabulu, sa'an nan ta hau keke. Ita kuwa takardar tuni ta koma ƙarƙashin katifa. Shekara da shekaru ba ta taɓa kusantar keken ba.

Ni aka sa wa sunan kakan, saboda haka Goggo ba ta kiran sunana. Tun makona na farko a gidan ta ce mini, “Mai sunan Malam, kai da kake da karatu, ka fitar mini da wata daga jikin wannan. Ta fara laushi.” Na ce to. Ta sake faɗa bayan wata guda, na sake cewa to. A lokacin ina ta rubuta takardun neman aiki, ina tsara su ina gyarawa, ina ganin hujin allura bai kai ya ɗauke mini hankali ba. Na sa wannan a nan ne domin kada a ce na ware kaina daga abin da ya faru.

Yanzu sai surukin Goggo, mijin 'yarta ta fari. Ma'aikaci ne a wata hukuma, kuma ban taɓa jin an yi wata tambaya a gabansa ya ce bai sani ba. Biro uku yake sokawa a aljihun gaba, ban taɓa ganin ya rubuta komai da ko ɗaya ba. Ba ya iya kai jimla ƙarshe da Hausa sai ya yi mata faci da Turanci, abokaina da suka karanta Turanci kuma sun shaida mini cewa shi ma Turancin nasa faci yake nema. Ya taɓa kiwon kifi a tankin roba a bayan gidansa, kifin suka mutu kafin su yi wata guda, ya ce ruwan Dutse ne bai dace da kifin zamani ba. Ya taɓa sayen injin ƙyanƙyasa, ƙwai suka dahu a ciki, ya ce laifin masu wuta ne. Duk abin da ya gani a waya da safe, kafin la'asar ya zama malaminsa. Da yake yana yaro ya taɓa zama a shagon wani tela na ɗan lokaci, har ya iya taka keke, sai yake lissafa ɗinki a cikin fannonin da ya ƙware.

A gidanmu kunyar suruki ba wasa ba ce, balle mijin 'yar fari. Goggo ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta faɗar sunansa. Baƙo take ce masa, ko da yake ya shekara tara yana shigowa gidan. Da ta ji sallamarsa takan tashi ta shige ɗaki ta saki labule, shi kuma ya durƙusa daga waje su gaisa. In akwai magana bayan gaisuwa, ta bakin wani take bi, ko da kuwa kowa yana jin kowa.

Wata Asabar da hantsi Goggo tana shirin sauke dagi a kan bargon wata Hajiya daga Jahun. Yadin ruwan madara ne, Hajiyar da kanta ta kawo shi. An riƙe shi da ɗinkin hannu, an shimfiɗa a rumfa, takarda tana kai, duwatsu huɗu suna danne da ita. Goggo ta ɗauki ƙullin shuni ke nan, sai muka ji sallama. Ta ajiye ƙullin a kan tabarma ta shige ɗaki.

Ya durƙusa suka gaisa, ta tambayi mutanen gida, ya ce lafiya. Sa'an nan ya juyo gare ni.

“Ɗan ƙane, an ce mini Goggo tana fama da ciwon baya saboda wannan durƙuson. Wai sai ta yini guda tana buga gari a takarda? A wannan ƙarnin?”

Na ce, “Ba ya kai yini, Yaya. Zuwa azahar ta gama.”

“Zo ka ga yadda duniya take yi.”

Ya ciro waya ya nuna mini bidiyo. Wata Baturiya ce ta aza takarda mai zane a kan bargo, ta kafe ta da fil, ta bi layin da keke ta kan takardar kai tsaye. Da ta gama sai ta yage takardar, ɗinkin ya fito tsaf. Na kalla da kyau. A gefen hannunta akwai tarin irin takardar, dukansu zane ɗaya, ga su shara-shara kamar ɓawon albasa.

Na ce, “Yaya, ai ita tana da wasu. Dubi gefenta. Kuma tata ba ta da kauri.”

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. “Kai me ka ce ka karanta a jami'ar? Hausa, ko? To ka bari in an zo fassarar labarai a neme ka. Wannan fasaha ce.”

Daga bayan labule Goggo ta ce, “Mai sunan Malam, ka ce wa baƙo an gode, kada a wahalar da shi.”

Ya ce, “Ka ce wa Goggo wace wahala tsakanin ɗa da uwa?”

“Ka ce masa aikin ba na gaggawa ba ne.”

“Ka ce mata shi ya sa muke baya. Komai ba na gaggawa ba ne.”

Ban isar da ko ɗaya ba, domin tazarar da take tsakaninsu ba ta fi taku huɗu ba. Ya tsaya a kan takardar ya ɗauki hotonta, ya ce mini ko da wani abu ya same ta, kwamfuta za ta fitar da ɗari irinta kafin in sha ruwa. Ya ture duwatsun da ƙafa. Ya zazzage kwalin fil ɗin Goggo, ya shiga soka su a jikin takardar.

Sai Goggo ta ce, “Mai sunan Malam, takardar Malam ce.”

Ya ce, “Allah ya jiƙan Malam. Da yana raye da shi zai fara sa mini albarka.”

Ta sake cewa, “Takardar Malam ce.” Ba ta ƙara komai a kai ba. A tarbiyyar da aka yi mata, wannan shi ne iyakar ihun da suruka za ta iya yi. Mutum mai kunne da tun a karon farko ya zare fil ɗinsa ya nemi gafara. Shi kuwa ya ɗauka tarihin takardar ake ba shi.

Ni ina tsaye. Hannu kawai zan sa in ɗauke ta. Amma mijin yayata ne, kuma ba a koya mini karɓe abu daga hannun babba ba. Sai na tsaya ina tsara jimlar da zan faɗa masa, wadda za ta hana shi ba tare da ta zama rashin ladabi ba. Ina cikin zaɓen kalma ya naɗe bargon da takardar gaba ɗaya ya cusa a ƙarƙashin keke. Na ji takardar ta yi ƙara a wurin liƙin ƙaro.

Ba zan bi aikin daki-daki ba, domin babu abin koyi a ciki. Daga gefe ya fara, ba daga tsakiya ba, saboda haka auduga ta riƙa taruwa a gaban allura kamar an kora tumaki lungu. Allura biyu ya karya, ya ce na jabu ne. Duk inda layi ya ratsa layi sai ya rasa wanda yake bi, ya yanke zare ya faro wani wuri. Na ƙirga yankan har goma sha ɗaya, na daina. A wata kusurwa da ya ga zagayen ya yi masa yawa, sai ya yanke hanya ya miƙe, ya ce mini ya sauƙaƙa zanen ne. Yana yi yana gumi yana bayani a kan yadda ƙasashen da suka ci gaba suka ci gaba. Na san Goggo tana ɗaki zaune a bakin gado, tana jin kowace shigar allura.

Bayan azahar ya ce an gama, saura yagewa. Ya ja gefe guda, takardar ta ƙi. Takardar siminti ce, an yi ta ne domin ta ɗauki nauyi. Ya ƙara ƙarfi, ta taho da ɗinkin, zare ya tsinke a wuri uku. Ya tsaya ya dube ta kamar ita ce ta yi masa rashin kunya. Sa'an nan fuskarsa ta washe, ya ce in miƙo masa buta.

A nan na yi magana, ba tare da na tsara ba. Na ce, “Yaya, tawadar allo ce!”

Ya ce, “Tawada ai tawada ce.”

Duk wanda ya taɓa wanke allonsa ya san ruwa kaɗan tawadar take jira. Shi ma an kai shi makarantar allo, amma ina jin ko a can bayani ya riƙa yi wa malamin. Ya ɗauki butar da kansa ya yayyafa. Takardar ta jiƙe ta zama kamar dusa, layin da Malam ya ja ya narke ya bi ruwa, ya shiga yadin Hajiya ya zauna, baƙi-baƙi, ja-ja. Ya riƙa murje takardar da yatsa tana faɗuwa dunƙule-dunƙule a kan tabarma.

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Ko a fuska bai nuna wani abu ya lalace ba. Ya je bakin labule ya durƙusa.

“Ka ce wa Goggo gwajin farko haka yake. An dai gane hanya. Matsalar daga takardar ce, ba irin ta aikin ba ce.”

Goggo ta ce, “Ka ce masa an gode. Allah ya yi albarka. A gaida gida.”

Ya amsa da amin, da ƙarfi, ya fita.

Ta daɗe kafin ta fito. Da ta fito ba ta dubi bargon ba. Ta ɗauko faifai ta durƙusa tana tsince dunƙulen takardar ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka maƙale a saƙar tabarma. Ba ta zuba su a shara ba, tun da tawadar mahaifinta ce. Ta haƙa rami a gindin darbejiya ta binne. Ina jira ta ce da na fitar mata da wata tun da ta roƙe ni, da ba a kai ga haka ba. Ba ta faɗa ba. Cewa ta yi, “Mai sunan Malam, ka ci abinci kuwa?”

Hoton ya iso bayan kwana biyu, an buga shi a takarda mai faɗin tafin hannu biyu. Rabin dagin ne ya fito, a karkace, sauran rabin inuwar kansa da hularsa ta rufe. Ya aiko da saƙo cewa in an duba da kyau za a gane sauran.

Goggo ta aika wa Hajiya da ban haƙuri, ta nemo yadi irin nata. Amma yadi ba shi ne abin da ya ɓata ba. In babu takardar, Goggo ta zama ɗaya daga cikin masu jan layi a tsaye da a kwance, kuma babu mai hawa mota daga Jahun domin wannan. Kwana uku keken yana rufe da zane.

A rana ta huɗu na tuna cewa bargon farko da ta ɗinka da takardar iyayenta ta kai wa. Na sayi takarda mai kauri, na ɗauki allura, na shiga motar Jahun, daga can na hau babur zuwa ƙauyenmu. Kakata tana zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta ce, “Ka ji mijin banza. Wata nawa ban gan ka ba, yau ka zo, kuma ba wurina ba, wurin bargo. To ka aure shi.” Na ce ai bargon ya fi ta ƙuruciya. Ta jefe ni da karan zogale, sa'an nan ta sa aka fito da shi.

Ya koɗe ya yi laushi, amma ɗinkin yana nan, babu inda ya kwance. Sai dai kusurwa ɗaya, inda garwashin kasko ya taɓa faɗawa ya ci wuri kamar faɗin faranti, aka yi masa faci da atamfa. Na shimfiɗa takardata a ƙasa, na aza bargon a kai, na bi ɗinkin da allura ina hudawa har ta ratsa. Kwana biyu na yi, daga hantsi zuwa la'asar, gwiwoyina a ƙasa. A nan na san abin da Goggo take nufi da ciwon baya. Kakata tana gefe tana cewa ashe karatun jami'a huda takarda ne, da an faɗa mata da ita ma ta je.

Wurin ƙunar bai dame ni ba da farko. Na ce tun da kusurwa huɗu ne, sai in ninka takardar in kwafi ta huɗu daga ta uku. Haka na yi. Da na dawo Takur na haɗa hujin da fensir, na aza yatsa a tsakiya na bi layin. Ya zaga ya komo inda ya faro, alhali bai taɓa rabin zanen ba. Na sake bi daga wani wuri, shi ma ya rufe kansa. Dagin nawa zobe uku ne masu ratsa juna, ba layi ɗaya ba. Ashe kusurwar Malam ta huɗu ba daidai take da sauran ba. A can ya karkatar da layin ya haɗe zoben, kuma can ɗin ne wuta ta ci. Na ɓata takarda mai yawa ina gwadawa. Duk hanyar da na bi, in layi ya haɗu sai siffar ta karkace, in siffar ta tsaya sai layi ya rabu. Na nemi wasu bargunan da Goggo ta ɗinka, amma masu su sun watsu, na kusa kuma ƙaramin zane aka yi musu, ba dagin ba. Har yau ina cigiya.

Goggo ta karɓi tawa ta duba, ta ce, “Ta yi.” Da ita ta sauke zanen bargon Hajiya. Hajiya ta zo ta karɓa ta yaba, ba ta ga bambanci ba. Amma ni ina zaune a rumfar lokacin da ake ɗinkin, na ji keken ya tsaya a inda bai saba tsayawa ba, na ji almakashi, na ga Goggo ta sunkuya tana ƙulla zare. Sau uku a kowane bargo, maimakon sau ɗaya a ƙarshe.

Wancan bargon mai tabo kuwa, Goggo ta wanke shi ta ninke ta aika wa 'yarta, domin kada baƙo ya ji kamar an raina aikinsa. Da na je gidansu gaisuwar Sallah, na same shi a shimfiɗe a kan doguwar kujerar falo, duk ya tattare, tabon tawada ya bazu a tsakiya. Maigidan yana nuna wa abokansa, yana ce musu shi ya shigo da sabuwar hanyar ɗinkin bargo Dutse, launin tsakiyar kuma da gangan aka yi shi. Ya juyo ya ce, “Ga shaida nan, a gabansa aka yi.” Na ce ƙwarai, a gabana aka yi.

Kafin in tafi hidimar ƙasa na fitar da takarda huɗu daga jikin tawa. Ɗaya tana ƙarƙashin katifar Goggo, ɗaya a wurin kakata, ɗaya a akwatina, ɗaya ake aiki da ita. Ana saura mako guda in tafi, wata Asabar da hantsi, takarda tana shimfiɗe a kan wani shuɗin yadi, sai muka ji sallamarsa daga zaure, da ƙarar bidiyo tana tashi daga wayarsa. Goggo ta miƙe ta nufi ɗaki. Ni kuma na kawar da duwatsun, na ɗauke takardar, na miƙa mata ta bayan labule, na tura butar bayan randa da ƙafa. Sa'an nan na amsa sallamar.